Barkonon Gwaggo Hanne a Titin Jirgi

Cikin shekarun da na yi ina aiki a filin jirgin sama, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da jirgi ya sauka a kan barkonon Gwaggo Hanne. Ku da kuka zo aikin nan bayanmu kun sha jin labarin ana ba da shi ana dariya. Ni a gabana aka yi, saboda haka bari in faɗa muku yadda abin ya kasance.

A shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Filin namu yana cikin karkara, tsakanin Kudan da Makarfi. Asalinsa Turawa masu sayen auduga ne suka share daji suka zuba burji, don ƙananan jiragensu. A lokacin babu komai a wurin sai rumfar kwano, da wata doguwar jakar yadi a kan sanda mai nuna inda iska ta nufa. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa sai aka ce za a riƙa kawo jirgin fasinja, saboda fatake da ma'aikatan gwamnati. Aka ƙara wa titin tsawo, aka malala masa kwalta. Aka gina ɗakin jiran fasinja da ɗakin oba-oba, wato wayar iska da ake magana da matuƙi yana sama, aka kuma kawo motar kashe gobara. Shinge ne kaɗai bai samu ba. An kafa turaku kewaye da filin, amma wayar da za a ɗaura ba ta iso ba.

Manajanmu shi ne Malam Isiyaku, mutumin Ikara, Allah ya jiƙansa. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wurin bayan Bature. A ƙarƙashinsa akwai Bulus mai oba-oba, sai 'yan kwana-kwana, sai mu leburori. Ni ne helma, wato shugaban leburori. Daga Gazara na zo, ban yi boko ba, karatun allo ne kawai da ajami. Aikinmu yankan ciyawa, da korar dabbobi, da duba titi. Duba titi shi ne mu taka shi da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan kafin jirgi ya zo, mu tsince duk abin da muka gani. Dutse ɗan ƙarami yana iya fasa taya, ko farfela ta ɗauke shi ta yi ɓarna. In mun gama sai in ɗaga farar tuta, manaja ya gani daga ofis ya faɗa wa Bulus, Bulus ya faɗa wa matuƙi ya sauko.

To, abin da masu malala kwalta ba su yi lissafi da shi ba shi ne kaka. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu manoman barkono ne, kuma wahalar barkono ba nomansa ba ce, shanyarsa ce. A tsakar gida kaji da awaki ba sa barinsa, a ƙasa kuwa yashi ya shige shi ya karya masa daraja a kasuwa. Sai ga shi an shimfiɗa musu wuri baƙi wuluk, mai faɗi, ba yashi, wanda in rana ta take ba ka iya taka shi ba takalmi. Ko ba a faɗa ba, manomi ya san amfanin wannan. Kakar farko bayan kwalta muka wayi gari muka tarar da ƙarshen titi ya yi jawur.

Malam Isiyaku ya je wurin dagaci, aka yi shela. Kwana kaɗan aka dawo. Muka kora, aka dawo. Daga baya dai aka tsaya a kan wata tsaka-tsaki. Jirgin fasinja Litinin da Alhamis yake zuwa, a waɗannan ranaku ba mai kusantar titi. Sauran ranaku ba izini aka bayar ba, amma ba a kora, muddin an kwashe kafin la'asar. Yawancin masu shanyar tsofaffin mata ne, don matan aure ba sa fitowa. Kowace takan jera duwatsu ta kewaye nata don kada ya haɗu da na wata, da yamma ta tattara duwatsun ta ajiye a gindin turke.

Gwaggo Hanne tana cikinsu. Ƙawar mahaifiyata ce tun ƙuruciya, aure ya kawo ta ƙauyen da ke bayan filin. Mijinta ya rasu tun da kakar bara, ba ta da ɗa a raye. Da ta fita takaba sai ƙanenta ya zo daga Kurmin Kogi ya ce ta tattara ta koma gidansa. Ta ce ita ba ta barin ɗakin da ta tsufa a ciki. Suka yi ta ja, har suka yi alkawari a gaban mai unguwa: ya bar ta damina ɗaya ta noma 'yar gonar da ta samu a gadon mijinta. In abin da ta noma ya isa ya ci da ita zuwa wata kaka, ta zauna. In bai isa ba, ta bi shi ba gardama. Sai ta zuba barkono a gonar kaf, kuma Allah ya sa ya yi kyau.

Kullum ita ce take fara zuwa, shi ya sa take samun tsakiyar titi inda kwalta ta fi santsi. In na zo wucewa nakan durƙusa in gaishe ta.

"Gwaggo, ina kwana? Yaya ƙarin haƙuri?"

"Lafiya lau, Tanimu sarkin tsintar tsakuwa. Yau ma gwamnati ta aiko ka ka yi mata kiwon kwalta?"

"Gwaggo, ki dai matsa gefe. Tsakiyar nan ta jirgi ce."

"Jirgin ya biya kuɗin wurin ne? Nan fa gonar gyaɗar surukina ce kafin a haifi ubanka. Wuce ka ba ni wuri, inuwarka tana hana mini rana."

Ranar da abin ya faru Talata ce, ba ranar jirgi ba. Ta kwaso barkononta duka ta baza, don ya kusa bushewa, rana ɗaya ta ƙarshe take so ya sha ta zuba a buhu. Muna yankan ciyawa kusa da ofis, gab da azahar, sai na ga Bulus ya fito a guje ba hula. Ya ce wa manaja wani jirgin fasinja da ke wucewa ta samanmu ya kira. Injinsa ɗaya yana zubar da mai, matuƙi ya kashe shi, kuma ba zai kai inda za shi ba. Mu ne fili mafi kusa, ya riga ya juyo.

Malam Isiyaku bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kaɗa jiniya, ya ce in kwashi mutanena mu hau motar kashe gobara. Muna tafe ya ce da ni, "Helma, duwatsu da mutane. Su kaɗai. Kada wanda ya sunkuya a kan barkono."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Gwaggo Hanne fa duka yana wurin."

Ya ce, "Na sani. Barkono ba ya fasa taya."

Muka isa muka tarar da mata sun rikice da jin jiniya. Masu shanya a gefe-gefe nasu kaɗan ne, suka tattare a zannuwa suka ja baya. Mu kuwa muka bazu muna jifa da duwatsu cikin ciyawa. Gwaggo Hanne tana tsakiyar nata da ƙwarya, tana kwasa tana zubawa a buhu, wasu mata suka ajiye nasu suka shiga taya ta. Ko da duk leburorinmu sun sa hannu, ba abin da za a gama ba ne kafin jirgin ya iso.

Ta hango ni ina ɗauke duwatsun da ta jera. "Tanimu! Dutse kake kwashewa ka bar abinci? Yau Talata! Wane ɗan banzan jirgi ne bai san ranarsa ba?"

Kafin in amsa, manaja ya iso wurinta. Ya cire hularsa ta aiki, ya rage tsawo.

"Iya, jirgin nan ba lafiya yake ba. Akwai mutane a ciki."

"Ka ce masa ya ɗan zaga mana, ɗana. Ai na sha ganinsu suna zagawa."

"Wannan ba zai iya ba, Iya. In ya sauko ya ga mutum a titi zai so ya kauce, in ya kauce kuwa ba zai tashi ba."

Ta miƙe da ƙwarya a hannu, ta dubi gabas. Mun fara jin ƙararsa, kuma ko wanda bai san jirgi ba ya ji ƙarar ba daidai take ba. Ta dubi barkonon. Matan da ke taya ta ba su ɗago ba, sai ma ƙara sauri suke yi. Manaja yana da ikon ya sa a ɗauke su da ƙarfi, na kuwa ga ya waiwayi 'yan kwana-kwana. Bai kai ga magana ba sai Gwaggo ta jefar da ƙwaryar cikin ciyawa.

"Ku tashi! Ku bar shi! Ke Abu, kunnenki ya toshe ne? Ku fita, kada a ce barkonon Hanne ya ci rai!"

Ta kama hannun wata ta finciko ta, ta bi sauran tana kora kamar masu ɓarna a gona. Ni na ja buhu ɗayan da suka soma cikawa na fitar. Na duba titi sama da ƙasa, ba dutse ba mutum, na ɗaga tuta don Bulus ya gani.

Jirgin ya sauko a karkace, ya dira, ya ɗan yi tsalle, ya bi ta kan shanyar. Iskar farfela ta ɗebe barkonon ta yi sama da shi, tayoyi suka niƙe na ƙasa. Ya je can gaba ya tsaya lafiya, alhamdu lillahi, wuta ba ta tashi ba. Da aka buɗe ƙofa fasinjoji suka fito cikin yaji. Manyan mutane da manyan riguna, ga atishawa ga hawaye, wani yana salati yana tari. 'Yan kwana-kwana ma suka kasa riƙe mesa. Wannan shi ne abin da ake ba ku labari ana dariya, kuma gaskiya mu ma mun yi dariyar, don mun ga kowa ya fito da ƙafarsa.

Bayan mun yi azahar manaja ya ce kowa ya ajiye lauje a shiga ciyawa tsintar barkono. Shi ma ya naɗe hannun riga ya shiga. Muka yi ta tsinta har rana ta yi sanyi. Abin da muka tara bai taka kara ya karya ba. Wani ya niƙe, wani baƙin mai ya ɓata shi, saura iska ta kai shi inda ba a sani ba. Gwaggo tana zaune a gindin turke tana kallonmu, ba ta yi kuka ba. Da na kai mata abin da aka samu ta sa hannu ta juya shi, ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Mutanen sun sha ruwa kuwa?"

Malam Isiyaku ya nemi a biya ta diyya. Daga sama aka ce doka ba ta san da shanya a titin jirgi ba, kuma a bisa ƙa'ida haka ne. Sai ya sayi dawa da kuɗinsa, mu ma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka ɗora wa jaki, ni da shi muka kai mata. Hatsin zai iya kai ta wata kaka in ta yi tattali. Bayan gaisuwa ya ce, "Iya, ga wannan. Kin ga ba sai kin tashi ba."

Ta yi godiya, ta sa albarka mai tsawo. Sannan ta ce, "Ɗana, na karɓa, ba a mayar da alheri. Amma ba haka muka yi da ƙanena ba. Cewa na yi abin da na noma. Wannan ni na noma shi?"

Ya ce, "Iya, wa zai bincika?"

Ta ce, "Wanda muka yi alkawarin da sunansa."

Kafin sanyi ya fita ƙanenta ya zo da amalanke. Ta tafi da hatsin Kurmin Kogi, don kada ta shiga gidan mutane hannu rabbana. A can ta zauna har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan wannan ne aka gaggauta kawo wayar shinge, aka hana shanya kowace rana. Malam Isiyaku kuma ya yi ta naci har aka bar masa ragowar siminti daga ginin hasumiyar da aka yi wa filin, ya sa muka yi babban daɓe a wajen shinge, ta ɓangaren ƙauye. Daga baya filin ya samu fitilu da tankin mai da ƙarin jirage, kuma duk waɗannan ana lissafa su in ana tarihin wurin. Daɓen ba a lissafa shi, amma tun da aka yi shi ba mu sake korar mai shanya ba.

Abin da na koya shi ne filin jirgi ba shi da ranar da ba jirgi. Jadawali na masu lafiya ne, wanda ke cikin matsala ba ya duba rana, don haka titi ya zauna a share kullum. Sai dai ku tuna kowane titi a kan gonar wani aka shimfiɗa shi, kuma masu gonar suna nan a bayan waya. In kun ga mutum a kan titi, ku fitar da shi da sauri, kada ku tsaya jin uzuri. Amma in jirgi ya sauka, ku koma ku tambaye shi abin da ya kawo shi.