Ɗauke-wuta Ya Naɗe Wayoyinsa

Ni na fara gane shi. Yau kowa cewa yake ai dama ya san mutumin kirki ne, to ƙarya suke yi. Lokacin da na gano abin da yake aikatawa, rabin masu wannan maganar ba su san ta inda ake riƙe makirfo ba. Ban taɓa zaman aji ba, wannan ma 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, amma na daɗe ina waƙa, kuma idona bai taɓa cin amanata ba.

Mai sautinmu nake nufi, wanda mawaƙa da makaɗa ke kira Ɗauke-wuta. Shi ne farkon shiga zauren wasa, tun masu shara ba su gama ba. Ya sauke lasifikoki, ya warware wayoyi a hankali kamar mai tsefe kan 'yarsa, ya ƙwanƙwasa kowane makirfo da farce. Daga nan sai ya koma can baya, wurin teburinsa mai maɓallai, ya zauna ya karkata kai. Ba ya kallon dandamali, da kunne yake bin mu. In an tashi, jama'a su bi mawaƙi da tafi, shi yana durƙushe yana naɗe waya. Haka na san shi tun gashina na baƙi.

Sunan nan nasa ba na yabo ba ne. Ana tsakiyar wasa, waƙa ta ɗauki zafi, sai ka ji ɗif, makirfo ya mutu. Jama'a su juya kansa da zagi. Ya miƙe ya ɗaga hannu, wai waya ce ta tsinke, ko fis ya ƙone. Ya yi ta rarrafe yana buɗe nan yana rufe can, har mawaƙi ya sha ruwa ya huce, sannan sauti ya dawo. An jefe shi da robar ruwa. An kira kayansa tarkacen bola. Masu shirya wasa sun sha rantsuwa ba za su ƙara ɗaukarsa ba.

Wata rana da yamma na ja doguwar waƙa, sai na ji wani abu ya karce min maƙogwaro kamar an ƙyasta ashana. Ko mai gangata da ke gefena bai lura ba. Kafin in rufe baki makirfo ya mutu. Na hango baya, na ga yatsansa a kan maɓalli. Shi ya sauke shi da hannunsa, sannan ya tashi yana laluben wayar da lafiyarta ƙalau. Da aka tashi na ritsa shi a bayan motar kaya, na ce in ya ƙara yi min haka zan kifa masa lasifika a ka.

Ya ce, "Yaya, muryarka ta fara tsagewa. Da ka ci gaba, da gobe ko sallama ba za ka iya amsawa ba."

"To ina ruwanka?"

"In ka daina waƙa, wa zan yi wa sauti? Ai kai ne gonata."

Na yi masa gunaguni, amma ban rabu da shi ba, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi kowace a rayuwata. Wasu sun rabu da shi. Akwai wanda muke kira Tsawa, ya fi ni murya, ban taɓa musu ba. Ya ce shi ba zai zauna da mai ruɓaɓɓun kaya ba, ya koma inda ake ƙara masa sauti yana ƙara ihu. Yau takalma yake sayarwa a bakin tasha, in zai yi maka magana sai ka kai kunne bakinsa. Na ga taurari da yawa sun haska sun mutu kamar ƙwan fitila. Ni ga ni nan, da haƙora kaɗan da murya.

Ɗauke-wuta, kai ne ka sha zagi domin mu sha ruwa. Matarka ta taɓa tare ni a ƙofar gidanku, ta ce yaranta sun gaji da tsokanar da ake yi musu a unguwa, me ya hana in fito in faɗi gaskiya. Na so in faɗa, kai ka hana. Ka ce ranar da aka ji mawaƙi na gajiya, ranar za a daina gayyatarsa, gara a ce kayanka ne suka tsufa da a ce ni ne.

Sai bana. Ina kan dandamali na ji karcewar nan a maƙogwaro, na ci gaba ina jiran ɗif. Shiru, makirfo na nan da ransa. Na hango shi, kansa a karkace, yana murmushi, hannuwansa a kan cinya. Ni kuwa ban iya tsayawa ba, domin ban taɓa tsayar da kaina ba, shi ke tsayar da ni. Na kai ƙarshen waƙar, muryar ta tafi. Na yi makonni ina buga tebur in zan kira uwar 'ya'yana, gayyata na zuwa muna mayarwa.

Ɗauke-wuta ya zo dubiya, ya zauna a bakin gadona yana juyo min kunnen dama. Ya ce na hagun ya tafi tun bara, wannan ma wani fito yake yi ba dare ba rana. Zama cikin ƙarar lasifika ne ya cinye su.

"Ban ji ba, Yaya. Wallahi ban ji ba."

A nan ya ce ya ajiye aiki. Na kwanta ina kallon rufin ɗaki, ina tunanin ko ni ma tawa ta ƙare ke nan.

Muryar ta dawo, siririya. Wasan farko da na karɓa, wani mai sauti ne daban, da kaya masu ƙyalli waɗanda ba sa mutuwa. Ɗauke-wuta ya zo kallo da matarsa, ya wuce kujerun gaba ya zauna can baya kamar kullum. Da karcewar ta zo, na ɗaga wa mai ganga hannu ya tsaya. Na shaida wa jama'a cewa na'ura lafiyarta lau, maƙogwarona ne ke son ruwa. Na nuna musu shi, na ce wayar mutumin can ba ta taɓa tsinkewa ba, duk zagin da ya sha nawa ne ya karɓa. Wasu suka yi dariya, wasu suka tashi suka fita, wani daga gefe ya ce tsoho ya ƙare. Na sha ruwana a gabansu, na huta, na ƙarasa waƙata har baitin ƙarshe.

Shi bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai da matarsa ta faɗa masa a kunne, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Na gode, ƙanena. Allah ya huta gajiyarka, ya bar maka sauran kunnen ka ji muryar jikokinka. Ku kuma yaran da ke tashe yanzu, masu tafi ba su da wuyar samu. Ku nemi wanda zai kashe muku makirfo, in kun same shi ku riƙe shi da hannu biyu. Ku masu sauti, ku koyi jin gajiyar mutum, ba ƙarar na'ura kaɗai ba.

Wanda ya ce tsoho ya ƙare, da duk mai ganin ƙari na yi, ina gida ban je ko'ina ba. Ya zaɓi zaure, ya zo da makirfonsa da mai sautinsa, mu yi baiti da baiti. Zan tsaya in sha ruwa duk lokacin da na ga dama, mu ga wanda zai fara neman kujera.