Kaset Ɗin da Harjito Ya Hana

Duk wanda ya taɓa kai lasifikar masallaci ko tsohuwar rediyo gyara a bayan kasuwar tsuntsaye ta birnin Malang ya san Harjito. Dogo ne siriri, shekararsa sittin da uku, gashinsa ya yi fari fat amma har yau ɗaure shi yake ta ƙeya. Ka tsaya a shagonsa minti biyar, sai ya gaya maka kiɗa ya mutu tuntuni, abin da yaran yanzu ke yi hayaniya ce kawai. In kana son rediyonka ta gyaru da wuri, ka ce masa haka ne.

A da shi ne mai jita a ƙungiyar Gagak Wesi. Su huɗu ne, 'yan unguwa ɗaya, sun koyi kiɗan rok daga kaset-kaset ɗin Turawa da ake kwafa a kasuwa, suna kwaikwayon waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba har suka fara tsara nasu. Mawaƙinsu Gunadi ne, ɗan mai sayar da tempe, wani abinci na waken soya, gajere marar fasali. Amma fa in ya buɗe baki, masu tallan gyaɗa ma tsayawa suke. A shekarar 1986 suka shiga wata gasa a filin ƙwallo, suka zo na biyu. Mai kula da na'urar sauti ya ɗauki waƙoƙinsu uku a kaset guda, ya miƙa wa Harjito don shi ya tsaya naɗe wayoyi. Wannan kaset shi kaɗai ne a duniya da ke ɗauke da muryar Gunadi ta ƙuruciya.

Bayan shekara biyu Gunadi ya yi aure, matarsa ta samu ciki, rok kuwa ba ya sayen shinkafa. Sai ya aske gashi, ya sa riga mai ƙyalƙyali, ya shiga masu kiɗan dangdut na gidajen biki. A wurin 'yan rok na lokacin babu abin kunya kamar wannan. Mai ganga ya tafi tsibirin Kalimantan neman aiki, na huɗunsu babur ya yi ajalinsa, ƙungiya ta watse. Harjito ya ɗora laifin duka a kan Gunadi, kuma mutum ne mai riƙo.

Shi Gunadi bai yi zuciya ba. Duk ƙaramar Sallah, da ake bi gida-gida ana neman gafara, sai ya zo da ƙunshin tempe, ya kama hannun Harjito biyu.

"Jito, a yafi juna, na fili da na ɓoye."

"Na yafe."

"To kaset ɗin nan fa? Kwana ɗaya kacal, in kwafa in dawo maka da abinka."

"Na yafe maka komai ban da kaset. Ka kai gidan biki a sa wa amare su yi rawa? Je ka rera musu naku na kaɗa ƙugu."

Gunadi ya yi dariya, ya ce, "Kai dai jitarka ma ba ta taɓa zama daidai ba, balle halinka." Ya sha kofi ya tafi. Haka suka yi shekara talatin da wani abu.

Abin haushin shi ne, Harjito kansa ba ya sauraron kaset ɗin. Cewa yake duk juyi ɗaya yana cin zaren. Ya naɗe shi a leda, ya sa a gwangwanin biskit, ya ɗora kan kabad ƙarƙashin rufi. Alhali shi ne mai yi wa mutane faɗa a shago cewa kaset a ƙasarmu mai damshi sai ana juya shi lokaci-lokaci, ana ba shi iska, in ba haka ba fumfuna ta cinye. Ya san wannan sarai. Amma buɗe gwangwanin yana nufin jin muryar mutumin da yake fushi da shi, kuma ya san in ya ji, fushin ba zai kai labari ba.

Bara Sallah ta zo ta wuce Gunadi bai zo ba. Bayan sati biyu wata mata ta tsaya a ƙofar shago da rigar malaman makaranta. Lastri ce, 'yar Gunadi, wadda cikinta ne ya sa uban ya aske gashi. Pakde take kiran Harjito, wato baffa.

"Pakde, an yi wa Baba aiki a maƙogwaro. An cire wurin muryar gaba ɗaya. Yanzu da allo yake magana."

Harjito ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ni tun da na yi wayo muryarsa a dashe take," in ji ta, "taba da ihun gidajen biki sun gama da ita. Kowa na ce mini da can ba haka take ba. Jiya ya rubuta mini cewa in zo in roƙe ka kaset ɗin nan. Ya ce ba don shi ba, don ni, in ji ko sau ɗaya."

Harjito ya miƙe. Ya rufe shago da rana tsaka, ya je gida ya sauko da gwangwanin. Da ya kwance ledar, wari ya buge shi. Farar fumfuna ta lulluɓe zaren, ya manne da juna kamar dafaffiyar taliya da ta kwana. Kwana huɗu ya yi a kai. Ya warware kaset ɗin, yana goge zaren da auduga a hankali, yana juyawa da fensir, inda ya tsinke ya haɗa da jan farce. Amma duk inda auduga ta bi, baƙin da ke riƙe sauti sai ya biyo ta, ya bar zaren fari. Abin da ya tsira bai fi tsawon hannu uku ba, daga farkon waƙar farko.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauki rakoda ya tafi gidan Gunadi. Ya same shi a baranda, ya rame, da ƙyalle a wuya da ya rufe hujin da aka yi masa na numfashi, da allo a cinya. Gunadi ya dube shi, ya rubuta: "Ka tsufa." Lastri ta kawo shayi ta zauna kusa da uban.

Harjito ya sa kaset ɗin ya danna maɓalli. Aka ji ihun jama'a can nesa, sandar mai ganga ta buga sau huɗu, sai jita ta shigo, jitarsa shi, tsaf kamar jiya aka ɗauka. Ta yi ta hawa har ta kai daidai inda mawaƙi ke jan numfashi ya shiga. Daga nan sai shuuu, babu komai.

Gunadi bai san nan ne ƙarshe ba. Da wurin shigarsa ya zo, ya ɗaga kai ya buɗe baki kamar yadda ya saba, leɓɓansa suka kama baitin farko. Ko da ya gane zaren ya mutu bai daina ba. Ya bi waƙar har ƙarshe, yana buga ƙafa, babu sauti sai iskar da ke fita ta ƙarƙashin ƙyallen. Harjito yana jin kowace kalma a kansa, da yadda muryar ke tashi a amshi, kuma ya san a duk duniya shi kaɗai ya rage mai jinta. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya. Kwana ɗaya aka roƙe shi, ya hana.

Gunadi ya gama, ya share ido, ya rubuta a allo ya juyo masa: "Ashe ranar jitarka ta zauna daidai."

Lastri ta dubi rakodar da ke ta juyawa a banza, sannan ta dubi Harjito.

"Pakde, to kai da ka ji ta, gaya mini. Yaya take?"

Harjito ya miƙa hannu ya kashe rakodar.