Malam da jiragen feshi na haya

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar maigidana, Malam, dillalin shanu a kasuwar Bakura. Duk lokacin da shinkafa ta fara nuna, sai in tuna wani rani da muka yi tare, farkon zuwan ruwan madatsar Bakolori. Shekarar ba ta da daɗi. Ruwa ya ci gonar gidanmu ta Maradun, an ba mu diyya, kuma kowa ya zo da takarda a hannu sai gabanka ya faɗi.

A ranin nan wani kamfani ya kawo ƙananan jirage biyu, yana ba masu aikin noman rani haya don feshin jan baki, tsuntsun da ke cinye shinkafa. Wakilinsu yana bi gida gida, wai a zuba kuɗin diyya a ci riba bayan girbi. Ni na karanta wa Malam takardarsu, da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. Kadara kam sun lissafa ta da yawa.

Malam ya je filin da suke sauka. Jama'a na shafa fukafukai, shi ya zauna wurin mai tuwon da ke ciyar da ma'aikatansu. Mako uku ba a biya ta ba. Mai kawo mai kuma ya daina saukewa sai ya ga kuɗi. Sannan Malam ya tambayi wakilin: "In na zo ran Talata ina son nawa, daga ina za ka ɗauko?"

"Haba Malam, ai muna bin masu haya kuɗi masu yawa."

"Awo. Ni ma ina da shanu can mashekari, daji wurin Fulani. Yau dai mi ad da kai cikin aljihu?"

Wakilin ya yi dariya.

Har yau ban sani ba ko macuta ne ko hannunsu ne kawai ya bushe. Na dai san jiragen sun tashi kafin girbi, ba su dawo ba. Yanzu da jikokina ke nuna min kamfanoni a waya, da hotunan manyan gine-gine, nakan ce da Malam na nan da ya nemi mai dafa musu abinci. Bai bar mana dukiya ba, wannan rashin saurin yarda muka gada, kuma ta fi ƙarfi a wurina fiye da 'ya'yansa.

Sai dai a wancan lokacin diyyar ta gandu ce, ta gidan duka, kuma Yaya, wansa, ya riga ya yi wa wakilin alkawari. Ya shigo bayan la'asar ya ce gobe da hantsi a kawo masa kuɗin. Malam bai taɓa musa wa Yaya ba, ko a kan goro. Ya ce, "To, Yaya."

Da ya raka shi ya dawo, sai ya tsaya bakin ɗakina yana kallon ƙasa. "Kuɗɗin na cikin tukunyarki. Hardo Buba can ruga na da bijimai huɗu na huɗa na sayarwa. Ni dai ban ce komi ba."

Da gari ya waye na goya 'yata Hadiza, na ɗaure kuɗin a bakin zane, na bi hanyar ruga, na sayo su. Yaya ya iso da hantsi ya tarar da ni ina ba bijimai huɗu dusa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce laifina ne.