Masu Kallon Gwaggona

Aikin jarida ya kai ni lunguna da yawa na Gana. Na kwana a ƙauyukan bakin daji, na shiga kwalekwale, na ga giwaye a arewa. Duk inda na je sai in dawo in rubuta a shafina na intanet: ku je ku gani, amma kada ku zubar da leda, ku ci abincin mutanen gari, kada ku ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Da wannan aka san ni.

Wata Asabar da safe na sauka daga trotro, motar haya, a unguwar Maamobi zan gai da gwaggona, ƙanwar babana, mai sayar da koko da ƙosai kusa da babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Nima. Tun daga nesa na hango Turawa a kan gadar kwatar, wani ɗan Gana mai koriyar riga yana musu jagora. Da suka gama ɗaukar hoton kwatar sai suka juyo kan Gwaggo. Tana tsugune tana fifita wuta, hayaƙi ya cika mata ido, mayafinta ya zame. Wata Baturiya ta kai mata kyamara har gaban fuska.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ce wa jagoran, "Wa ya ba ku izini?"

Ya dube ni, sai ya washe baki. "A'a, Madam! Ai ina karanta shafinki. Irin yawon da kike faɗa ne, na kula da muhalli. Muna nuna musu yadda shara ke cinye unguwa."

"Ka gaishe ta? Ka tambaye ta?"

"Ai ba ta hana ba."

Na matsa kusa da shi. Gwaggo ta kamo bakin zanena ta ce, "'Yata, ƙyale su. Kowace Asabar sai sun zo. Ko ƙosai ɗaya ba sa taɓawa, wai cikinsu zai ɓaci."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ashe an daɗe ana yi, ni ina can ina yi wa duniya wa'azi. Na juya ga Baturiyar na ce ta goge hoton. Ta ce ita taimako ta zo yi. Na ce ta goge tukuna. Ta goge ina tsaye a kanta, sauran suka cusa wayoyinsu a aljihu.

Da na koma gida na nemo shafin kamfanin da ke kawo su. Ga Gwaggo nan a wani tsohon hoto, tana share gumi, kwata a bayanta. A ƙasa kuma sun liƙa maganata, kalma da kalma, kan mutunta mutanen gari.

Na zauna na rubuta duk abin da na gani, ban sassauta ba. 'Yan unguwanninmu na Zongo suka yi ta yaɗa shi, har kamfanin ya cire hoton. Haƙuri kam ba su ba kowa ba.

Sun daina zuwa Maamobi. Daga baya wata ƙawata ta kira ni daga unguwar Kotobabi, ta ce yanzu ta ƙofar gidansu suke bi, suna ɗaukar hoton yara a bakin famfo. Na ce ta faɗa mini ƙarfe nawa suke zuwa.