Malam Sannu-Sannu, Maƙwabcin da Ya Raba Ni da 'Yan Koyo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma abokin sana'ata, mutumin da duk wanda ya koyi tuƙin mota a unguwarmu ya sani da Malam Sannu-Sannu. Ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya.

Ina tare da wani ɗan koyo, mun tsaya a gefen hanya ina yi masa faɗa a kan madubi, sai wayata ta yi ƙara. Autata ce, tana kuka. Ta ce, "Baba, Baba ya rasu." Ban tambaye ta wane Baban ba, na san kai take nufi. Allah na gani, Malam, kafin hawaye ya zo mini, sunan da ta kira ka da shi ne ya fara sukar zuciyata. Haka na zauna da kai shekara da shekaru, ga ƙauna ga kishi a ƙirji ɗaya, kuma ba zan ɓoye ɗayan don ka kwanta dama ba.

Na riga ka zuwa layin nan. Lokacin da ka kama shagon da ke fuskantar nawa, ina da motoci uku masu kyau, da allo babba mai ɗauke da sunan makarantata, da benci a ƙofa wanda ba ya rabuwa da masu jiran layi. Kai kuwa ka iso da tsohuwar mota guda, ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan, allonka da hannu ka rubuta shi har wani harafin ya karkace. Na tsaya a bakin shagona na yi dariya, na ce wa mai facin taya da ke kusa da mu ba za ka ga ƙarshen shekara ba. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi ba ni haushi tun farko shi ne yadda kake karɓar masu zuwa tambaya. Uba zai zo da ɗansa, ko miji da matarsa, suna neman inda za su yi rajista. Ni idan sun shigo wurina, ba na barin su fita sai sun rubuta suna. Kai kuwa sai ka ce musu kada su yi gaggawa, su gwada darasi ɗaya a wurinka, su tsallaka titi su gwada ɗaya a wurina, su duba ko akwai birki a ɓangaren malami, su kuma lura da yadda zuciyarsu take idan sun sauko daga motar. Kana cewa, "Wanda ba ka jin kunyar yin kuskure a gabansa, shi ne malaminka." Sai su tsallako wurina kamar yadda ka umarce su, in zuba su a sabuwar mota mai sanyi, in nuna musu duk abin da na iya. Washegari in hango su suna ɗaga ƙofar tsohuwar motarka.

'Yan koyo ne suka raɗa mana sunaye. Kai Malam Sannu-Sannu, saboda ba ka da wata kalma da ta wuce ta. Ni kuwa sai daga baya na ji ashe Malam Tsawa suke kirana a bayan idona. Ban musa ba. Ni a ganina mota ƙarfe ce mai kisa, wanda zai riƙe ta sai an girgiza shi. Har yau ban ce na yi kuskure gaba ɗaya ba, domin ɗalibaina ba su taɓa ba ni kunya a titi ba. Amma idan suka karɓi lasisi, shi ke nan, sai dai su danna mini hon daga nesa. Naka kuwa dawowa suke yi, su zauna a bencinka, su kawo maka jariri ka yi masa addu'a, su kawo sabuwar mota ka fara zagayawa da ita. Ina zaune a ƙetaren titi ina gani.

Ba zan manta ranar da wani tela, ɗalibinka, ya rikice ya taka totur a maimakon birki ba. A kan idona motar ta haura gefen titi ta rungumi ginshiƙin rumfar shagonka, fitila ta tarwatse, kwano ya rufto. Na ce yau dai zan ji muryarka. Ka fito, ka zagaya ɓangarensa, ka tambaye shi ko ya ji ciwo, ka sa aka kawo masa ruwa. Da ya gama sha, ka ce ya koma ya yi ribas da kansa ya fitar da motar. Mutane suka ce ka bar shi ya huta, ka ce idan ya tafi gida da wannan tsoron, da shi zai tsufa. Telan nan yau shi ke kai 'ya'yansa makaranta a mota, kuma babu taron da zai zauna bai ba da labarinka ba.

Akwai kuma ɗan wani attajiri da ubansa ya matsa maka ka tura shi gwajin lasisi alhali bai iya tsayawa a mahaɗar hanya ba. Ka ƙi, ka ce ba za ka sa hannu a jinin wani ba. Uban ya fusata ya kawo mini shi. Ni ma na gwada yaron na ƙi, kalma ɗaya muka faɗa ni da kai. Amma da labarin ya zaga unguwa, sai aka ce kai mutum ne mai amana, ni kuwa aka ce dama Malam Tsawa ba ya raga wa kowa. Mun yi aiki iri ɗaya, kai ka kwashi yabo, ni na kwashi baƙin jini.

Duk wannan da sauƙi, Malam, in aka kwatanta da maganar Auta.

Da ta sami aikin jinya a wani asibiti mai nisa da gida, ya zama dole ta iya mota. Wa zai koya wa 'yar mai makarantar tuƙi in ba ubanta ba? Muka fara, hannunta mai kyau, kanta na ja. Ranar da na kai ta hawan tudun nan na bayan kasuwa, mota ta mutu mata a tsakiya, ta fara silalowa baya, ga babbar mota a bayanmu. Na taka birki na ɓangarena, ba abin da ya same mu. Amma na buɗe baki na zazzaga mata abin da na saba zazzaga wa kowa, ga mutane sun tsaya kallo. Ta ja birkin hannu, ta buɗe ƙofa, ta tafi gida da ƙafa. Daga ranar ko makullin mota ta gani a kan tebur sai ta kewaye shi. A wurin aiki kuwa aka fara yi mata gargaɗi saboda makara, har ana batun ba wa wani gurbinta.

Wata rana da la'asar ka tsallako titi, ka yi sallama, ka zauna a bencina, abin da ba ka saba ba. Ka ce, "Maƙwabci, 'yarmu ta zo wurina. Na ce mata ba zan ɗora ta a kujera ba sai da yardarka. In ka ce a'a, magana ta mutu a nan."

Na ji kamar an watsa mini garwashi. Girman kai ya sa na ce, "Ɗauke ta mana. Mu ga abin da sannu-sannu za ta yi inda jini bai yi ba."

Ka yi murmushi ka ce, "Ai ba ta hana zuwa."

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Kullum da safe ina share ƙofar shago, ina satar kallon 'yata tana ɗaga ƙofar motarka. Na ji daga bakin uwarta cewa a darussan farko ko tayar da injin ba ku yi ba, zama kawai kuka yi tana riƙe da sitiyari kuna hira. Na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Sai ga shi wata rana kun wuce ta gabana, ita ke ja, gilashi a sauke, tana dariya har da kaɗa kai. Yarinyar da ba ta taɓa ko murmushi a motata ba. Na shige shago na rufo ƙofa, na ce wa ɗalibin da ke jirana ya dawo gobe.

Ranar da ta ci gwaji, ni da kai muna tsaye a bakin filin. Ta fito da gudu, na gyara tsayuwa, sai ta wuce ni ta durƙusa a gabanka tana kuka tana godiya. Ka ɗago ta, ka juyo da ita wajena, ka ce, "Ga wanda ya koya miki mota nan. Yadda kike riƙe sitiyari da yadda kike duba madubi duk nasa ne. Ni tsoro kawai na cire." Mutane suka yi ta sa maka albarka. Ni kuwa na koma gida ina cizon yatsa, domin ko a kyautar yabo ka fi ni hannu. Tun daga ranar take kiranka Baba, kuma ban taɓa iya hana ta ba.

Da na ji an kwantar da kai, na je duba ka. Na tarar ka rame, amma idonka na nan yadda na san shi. Ka roƙe ni in karɓi ɗalibanka da ba su kammala ba, kada su watse. Na amsa. Sannan na yi tambayar da ta daɗe tana cina, na ce ka gaya mini sirrin, tunda dai yau babu ɗan koyo a tsakaninmu.

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Babu sirri, maƙwabci. Kai da ka zauna a mota ranar farko, ka ja ta kamar da ita aka haife ka. Ni sai da na yi ta faɗuwa gwaji har jami'in ya haddace fuskata. Duk inda ɗan koyo zai ji tsoro, na riga shi jin tsoro a wurin. Kai ba ka san inda abin yake da wuya ba."

Na fito daga asibitin ina mamakin kaina, wai yau ni ne nake kishin faɗuwar wani.

Ranar jana'izarka motoci sun cika layin nan har sun malala layin baya. Direbobin haya, ma'aikatan ofis, 'yan kasuwa, tsofaffi da yara. Abin da na lura da shi, wanda sai mai sana'armu zai gani, shi ne babu motar da ta tare wata, babu wanda ya toshe ƙofar wani, kuma ban ji hon ko ɗaya ba. Na tsaya a sahu ina yi maka addu'a, wani ɓangare na zuciyata yana tambaya, ranar tawa su wa za su zo?

Na cika alkawari. Ta farko da ta zo mini cikin ɗalibanka wata dattijuwa ce, mijinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, tana son ta riƙa kai shi asibiti da kanta. Muka shiga shatale-tale, mota ta mutu mata, na baya suka dame mu da hon. Na ji tsawar ta taso har maƙogwarona. Sai ta juyo ta ce, "Malam yakan ce in numfasa tukuna." Na haɗiye abin da na ɗauko, na ce, "To Hajiya, numfasa." Ta numfasa, ta murza makulli, ta saki kuloci a hankali, muka fita lafiya. Da muka dawo na tambaye ta yadda ta ga darasin, ina sa ran wani abu. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ba laifi, ka yi ƙoƙari. Amma dai ba kamar shi ba." Ban ji haushinta ba. Gaskiya ta faɗa, kuma na riga ta sani.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, Malam, na daɗe ina zuba wa gonarka taki daga ƙetaren titi. Ban taɓa yi maka fatan sharri ba, so na yi in zama kai, abin ya gagara. Yanzu shagonka a rufe, layin ya zama nawa ni kaɗai kamar yadda na taɓa buri, kuma ban taɓa jin sana'ar nan ta yi mini nauyi kamar yau ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙurin raba ka da jama'a, da 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan'uwanka, da ɗalibanka da ba sa ƙirguwa. Ina kuma yi wa Autata ta'aziyya, domin ita ma uba ta rasa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Duk wanda ya isa gida lafiya a hannun wanda ka koyar, Allah Ya sa a mizaninka. Yadda ka tausasa wa bayinsa a lokacin da suke cikin tsoro, Ya tausasa maka a ranar tsoro mafi girma. Ya ba iyalinka haƙuri, Ya tsaya musu a bayanka. Mu da muka rage, Allah Ya wanke zukatanmu, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.