Ranar da Madubina Ya Zaga Babur Bakwai

A shekarun nan da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, har mai gadin makaranta ya sayi rediyo, ni tela ne a Jibiya. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa yana son sabuwar riga, keken ɗinkina ba ya hutawa. Da abin da na tara na sayi ɗan ƙaramin babur ɗin nan mai jan tanki da ya cika gari a lokacin, mai ƙara kamar injin niƙa. Babban abin da ake yabonsa da shi, wai tun da ya shigo Jibiya ko guda ɗaya bai taɓa faɗuwa gwajin shekara ba. Dillalai da wannan suke talla, mu kuma muna maimaitawa kamar mu muka ƙera shi.

Ni dai ba don gayu na saye shi ba. Mahaifina yana wani ƙauye a ƙetaren iyaka, ta ɓangaren Maraɗi, kuma tari mai tsanani ya kama shi. Malamin asibitin garinmu ya ɗora shi kan allura, Litinin da Alhamis, ya ja mini kunne cewa irin wannan allura ba a yanke ta. Mota ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwa. Saboda haka sau biyu a mako nakan rufe shago in tsallaka, in ɗauko tsoho, in ɗaure shi a bayana da rawaninsa don kada yashi ya watsar da shi, in kawo shi, in mayar. Jandarmomin can kuwa sai sun ga takardar lafiyar babur, sun haɗa sunan da ke jiki da fuskar mai shi. Tawa takardar za ta ƙare a makon da malamin gwaji zai zo daga Katsina, ranar Laraba.

Sirrin rashin faɗuwar baburan nan kowa ya san shi, ba a dai faɗa. Tunda duk iri ɗaya ne, kayan wannan yana hawa wancan. Ranar gwaji malamin yakan kafa tebur a gindin bishiyar bedi, mu kuma mu taru a bayan katangar wani tsohon shago, inda bakaniken gari yake zaune da sifana. Madubi mai kyau guda, hon mai ƙara guda, fitila mai kamawa guda, sun ishi gari. A ɗaura wa na farko, ya je ya dawo da takarda, a kwance a ɗaura wa na biyu. Ba wanda yake ɗaukar abin a matsayin zamba, taimakon juna muke ce masa, kamar gayya.

A wannan shekarar babur ɗina ne kaɗai komai nasa yake aiki. Ina lallaɓa shi saboda tsoho, ko ƙwan fitila ya mutu ba na kwana ban canja ba. Kuma labari ya riga ya zo cewa an sauya malamin gwajin, sabon wani matashi ne da ba ya karɓar ko goro. Tun daren Talata nake gaya wa kaina cewa zan shiga layi na farko, in karɓi takardata, sannan kowa ya yi ta kansa.

Da hantsi ina goge tanki a ƙofar shago sai ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ya koya mini ɗinki, kuma a rumfarsa na fara zama. Ya turo nasa babur ɗin, ba madubi, fitilar a ɗaure da tsumma.

"Kai, ɗan nan," in ji shi, "ka zo da sarkin kayan nan naka bayan katanga. Naka munka dogara da shi bana."

Na ce, "Kawu, da za a bari in fara shiga. Gobe Alhamis, akwai allurar Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi kake tsoro? Kai da ke da kayan? Ka bari dattawa su gama su tahi harkokinsu, kai yaro ne, ko yamma ka shiga ka wuce. Ko kuwa in tsaya bayanka in jira?"

Na ji a jikina abin ba zai yi kyau ba, amma kara ta hana ni buɗe baki. Na tura babur na bi shi.

Bakanike ya kwance madubin, ya kwance hon, ya cire fitilar gaba ɗaya. Babur ɗina ya koma kamar kazar da aka fige. Kawu ya fara shiga, ya dawo yana dariya da takarda a hannu. Sai mai sayar da gero, sai wani dillalin shanu, sai limamin unguwar mahauta. Ina zaune a kan bulo ina ƙirga su, gumi yana bin bayana. Duk wanda ya dawo sai in tambaye shi yadda mutumin yake, sai a ce ai ba shi da matsala, ba ya ko magana, yana dai duƙawa ya daɗe yana duba kowane abu. Wannan duƙawar ita ta hana ni sukuni, na kasa cin tuwon da aka saya mana.

Sai bayan azahar aka dawo mini da kayana, bayan sun hau babur bakwai. Bakanike yana ɗaura madubin na ga wani abu a bayansa, can ƙasa kusa da wuya: ɗigo-ɗigon shuɗin fenti, ƙanana kamar ƙwayar gero, a jere. Na ƙirga, bakwai. Na leƙa ƙarƙashin hon, bakwai. Bayan fitila ma haka. Na goga da yatsa, fentin ya riga ya bushe. Na ce wa bakanike ya miƙo fetur da tsumma. Kafin ya buɗe galan sai na ji ɗan sandan da ke tsare layi yana kiran lambata, ya kira sau biyu.

Malamin gwajin siriri ne, cikin fararen kaya, da ɗan gwangwanin fenti da tsinken ashana a gefen tebur. Ya sa na taka birki, ya kama. Ya sa na kunna fitila, ta kama, na danna hon har awaki suka watse. Sannan ya duƙa ya juya madubin. Mutanen da suka karɓi takardunsu ba su tafi ba, suna tsaye a inuwa suna kallo, kawu a gabansu.

"Malam," in ji shi, muryarsa a kwance, "madubin nan yau sau takwas ke nan yana zuwa gaishe ni. Na waye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kowa haka ya ce. Ni ba zan iya bin mutum bakwai in ƙwace takarda ba tare da shaida ba. Idan naka ne da gaske, nuna mini waɗanda ka ara wa, in soke tasu yanzu, in ba ka taka. Idan kuma ka yi shiru, to kai ne na kama da kayan aro a hannu."

Na ɗaga kai na dubi inuwar. Kawu ya juya yana gyara hularsa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wallahi a lokacin sunayen suna bakina, kuma ina jin tarin tsoho a kunnena kamar yana bayana. Na jira ko mutum ɗaya zai tako ya ce kayan yaron nan ne, mu muka ara. Babu wanda ya motsa. Ni kuma harshena ya ƙi nuna ƙanen uwata a gaban baƙo da ɗan sanda.

Na ce, "Ba ni da abin faɗa, ranka ya daɗe."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ina ganin ya san gaskiyar. Sannan ya rubuta, ya ce a kulle babur ɗin a harabar ofis sai ya dawo bayan mako huɗu. A ranar, cikin duk baburan nan masu jan tanki, nawa ne kaɗai ya faɗi, kuma shi ne kaɗai lafiyayye. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, kuma rabin haushin na kaina nake ji. Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce, ni na ga asarar da idona.

Washegari na tafi ƙauyen da ƙafa. Na tarar da tsoho ya riga ya sa riga, yana zaune a ƙofar gida da rawanin a hannu yana jira. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya ce, "Ka hwaɗi sunan wani?" Na ce a'a. Ya ce, "To madalla. Da ka tona kawunka gaban baƙo, da ban san da idon da zan dubi uwarka ba." Sai tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kwano.

Na bi mutanen nan bakwai gida-gida ina roƙon a riƙa ɗauko mini tsoho. Kawu ya ɗauko shi sau ɗaya, shi kawun ya naɗe hancinsa da ƙyalle tun daga can har nan, ranar Alhamis kuma ya aiko cewa ɗinki ya yi masa yawa. Sauran kowa da uzurinsa, amma na gane ba wanda yake son mai irin wannan tari ya jingina a bayansa. Na gwada jaki, ba mu yi nisa ba tsoho ya ce in sauke shi, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Na roƙi malamin asibiti ya ba ni allurar in kai, ya ce ba shi da ikon fitar da ita, balle a tsallaka iyaka da ita. Kowace Litinin da Alhamis ina zaune a kan keke ina ɓata wa mutane yadi.

Da malamin gwaji ya dawo, na sayi sabon madubi da hon da fitila, ya duba cikin ɗan lokaci ya miƙo takarda. Ranar Litinin ce, ko shago ban koma ba na kama hanya. Na tsayar da babur a ƙofar gida, aka fito da tsoho ana riƙe da shi. Ya dafa kujerar, ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa sau biyu, ta ƙi. Ya tsaya yana mayar da numfashi, sannan ya ce mini kada in damu, mu bari sai Alhamis ya ɗan ji ƙarfi. Ranar Laraba muka kai shi makwancinsa.