Filen Da Allon Saukar 'Yar Malam Sabo

Ban taɓa mantawa da ranar da aka wasa mana bakin filen ɗin fere katako kamar wuƙar fawa ba. A lokacin ni ne babba a shagonmu na kafinta a Gwarzo, Ado yana mataimakina.

Malam Sabo ya zo daga Masanawa da guntun katakon aduwa guda ɗaya. 'Yarsa za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar, yana son allon da za a kai wa mai zayyana. Irin wannan allo sai ya yi sumul, in ba haka ba tawada ta bi sawun katako ta watse. Injinmu kuwa yana barin sawu.

Ina da wani tsohon filen, abin fere katako da hannu, da na tsinta wurin 'yan gwangwan. Tsatsa ta ci shi, mariƙinsa ya tsage. Na kwance shi, na jiƙa ƙarafan a kananzir, na shimfiɗa samfefa kan gilashin taga na yi ta goga gindinsa har ya daidaita. Mariƙin na liƙe shi da gam. Saura washin baki aka kira azahar, na tafi masallaci.

Ado mutum ne mai son taimako, ko ba a nema ba. Kafin in dawo ya kai bakin wurin Baba Ilu, mai wasa wa mahauta wuƙaƙe. Baba Ilu ya wasa shi gaba da baya, yana sheƙi. Bakin filen kuwa gefe ɗaya ake wasawa, bayansa a bar shi a miƙe.

Ado ya mayar da bakin jikin filen, ya gwada a kan aduwar Malam. Da na shigo ya riga ya yage fuska ɗaya ta katakon. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na je wurin Baba Ilu na yi masa bayani. Ya ce, "Malam Habu, ƙarfe aka miƙo mini aka ce a wasa. Wa ya ce mini ba nama zai yanka ba?"

Na roƙe shi ya cinye bakin a kan dutsensa har inda washin baya ya ƙare, na koma na ƙarasa da hannu. Daga nan na bi allon a hankali har yagewar ta ɓace. Ya fito ya fi yadda aka saba sirantaka, na kuma gaya wa Malam Sabo dalili.

Da muka kai allon, mai zayyana ya ja layin tawada a gefe, muka tsaya kallo. Layin ya bushe inda aka ja shi. Malam Sabo ya ce, "Alhamdu lillahi," ya naɗe allon a rawaninsa.

Baba Ilu gwani ne, Ado ma alheri ya nufa. Tun ranar, duk ƙarfen da zai fita shagona sai an gaya wa mai washi abin da zai yanka.